Hanyar da teku ke buɗewa sau biyu a rana

Tun da na dawo daga Muritaniya mutane ke ta tambayata wai me na je yi, tunda ba Umara ba ce kuma ba Dubai ba ce balle a ce kaya na je sarowa. Ƙanena na je dubawa, yana karatu a wata mahadara, wato makarantar ilimin addini ta gargajiya, a can, shekara uku rabon da mu sa shi a ido kuma Hajiya kullum sai ta yi maganarsa. Amma akwai abu na biyu da ya ja ni, ni mutum ne mai son mota da son jeji tun ina yaro, kawuna direban babbar mota ne da ya yi shekaru yana bin Damagaram zuwa Agadas zuwa Arlit, a bakinsa na fara jin labarin sahara, kuma na daɗe ina jin cewa a Muritaniya akwai wata hanya da mota ke bi a bakin teku, ruwa a hannun hagu yashi a hannun dama, ba kwalta ba allon hanya, teku ne da kansa yake buɗe ta ya kuma rufe ta.

Mu shida muka tashi daga Nuwakshot a mota biyu, duka Hilux masu shan gas, irin dai waɗanda 'yan uwanmu na Nijar ke kira katkat. Ni da na ce a ɗauki mota ɗaya a rage kuɗi, dattijon da zai ja mu ya ce wa ƙanena ya gaya min shi ba ya shiga inda za mu da mota ɗaya ko nawa za a ba shi, in ɗaya ta kafe ko ta mutu ɗayar ce za ta ja ta ko ta je neman agaji. Baba muke ce masa, Hasaniyya, Larabcin ƙasar, yake ji da ɗan Faransanci, ƙanena ne tafinta. Kayan da aka loda ma kaɗai sun isa su gaya maka inda ka dosa, jarkokin ruwa, jarkokin mai, safaya taya bibbiyu, shebur, igiya mai kauri, famfon ba taya iska na lantarki da na hannu, da wasu falankan ƙarfe masu huji-huji da ake kira tol waɗanda ake shimfiɗa wa taya in ta nutse. Sai kuma takardu, Baba ya sa muka yi kwafin bayanan fasfonmu da yawa saboda shingayen jandarma, a kowane shinge ka miƙa ɗaya ka wuce, ba sai an zauna ana rubuta sunanka da na mahaifinka ba.

Yanzu akwai kwalta tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu, kusan kilomita 470, amma ba ta daɗe ba, a farkon shekarun 2000 aka gama ta. Kafin nan duk wanda zai haɗa manyan biranen ƙasar guda biyu a mota, da mai kaya da mai fasinja da Turawan da ke gangarowa da tsofaffin motoci daga Maroko su sayar, ta bakin tekun nan yake bi, wajen kilomita 150 daga Nuwakshot zuwa wani ƙauyen masunta da ake kira Mamgar, daga nan kuma a yanki jeji. Baba a wannan zamanin ya koyi tuƙi, yaron mota ya fara, shi ya sa hanyar take a kansa kamar yadda ka san lungun gidanku.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne zaman jira. Mun isa bakin ruwa da hantsi, motoci a cike, kowa a shirye, ni har na gyara zama, Baba ya sauko ya kalli ruwa ya shimfiɗa tabarma ya hura gawayi. Na ce wa ƙanena ba tafiya za mu yi ba ne, ya ce Yaya sai ruwa ya janye. Mu da muka taso a arewa ba mu san wannan ba, kogi da tafki muka sani masu cika da damina su ƙafe da rani, shi teku a kowace rana sau biyu yake kawowa sau biyu yake janyewa, tsakanin cikarsa da janyewarsa awa shida da 'yan mintoci, kuma lokacin ba a tsaye yake ba, kullum yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 saboda wata yake bi. Baba ba ya duba takarda, kwanan watan Musulunci yake tambaya, ya ce a tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu sha biyar ruwa ya fi ja da baya sosai, fili ya fi faɗi, amma kuma a ranakun ne in ya dawo yake hawowa har gindin tudu. Abin da kake da shi bai wuce awa huɗu ba, biyu kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa biyu bayan ya juyo. Haka muka sha shayi zagaye uku kamar yadda suke yi, muka yi alwala da ruwan teku tunda mai tsarki ne mai tsarkakewa, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru, sannan ya miƙe.

Kafin mu hau sai da aka sace iskar tayoyin duka. Mai faci a gida geji 35 ko 40 yake sa wa irin motar nan, Baba ya sauke su zuwa wajen 16, har taya ta yi tumbi kamar wadda ta yi faci. Dalili shi ne in iska ta ragu taya tana bajewa, inda take taɓa ƙasa ya ƙara tsawo, nauyin mota ya rarrabu, sai ta riƙa hawa kan yashi maimakon ta riƙa tona shi. Sai dai da sharaɗi, ba ka murɗa sitiyari da ƙarfi don taya na iya fita daga rim, ba ka taka birki da ƙarfi don gaba zai nutse, kuma in ka koma kan dutse ko kwalta dole ka mayar da iska in ba haka ba zafi ya cinye taya.

Wallahi minti goman farko ban iya magana ba. Yashin da ruwa ya bari jiƙaƙƙe ya fi kwaltar garinmu santsi, mota na tafiya 60 zuwa 70 ba gargada ko kaɗan, igiyar ruwa tana zuwa ta lashi gefen taya ta koma, tsuntsaye dubbai suna tashi a gabanmu su zagaya su sauka a bayanmu, ƙananan ƙaguwa suna ta gudu suna faɗawa ramukansu. A dama kuma tuddan yashi ne fari fat, wani wurin suna nesa wani wurin sun gangaro har cikin ruwa. Layin da ake bi siriri ne, in ka yi ƙasa da yawa yashin ya cika ruwa zai tsotse taya, in ka yi sama da yawa busasshe ne mai laushi zai riƙe ka, tsakiyar nan ce hanya kuma tana canjawa da kowace igiyar ruwa. Na lura Baba ba gaban mota yake kallo ba, launin ƙasa yake karantawa can nesa, inda ta yi duhu da inda take sheƙi da inda ta yi fari, kuma yana lissafin igiyoyin ruwa, in babba na zuwa ya ɗan ɗaga ƙafa daga totur ta fashe ta koma sannan ya bi bayanta. Kusa da sansanonin masunta sai a rage gudu saboda igiyoyin da suka ɗaure kwale-kwale da su suna miƙe a kan hanya, wata rabinta a binne, ga yara suna wasa.

Bayan mun wuce Tiwilit da Mihejrat ne abin ya faru. Motar baya wani saurayi ne ke janta, ɗan 'yar uwar Baba, ya iya tuƙi ba laifi amma bai kai shekara biyu a hanyar ba. Wata igiyar ruwa ta taso ta fi sauran, maimakon ya ɗaga ƙafa ya jira sai ya kauce sama da sauri ya faɗa busasshen yashi, mota ta fara nishi, ya ƙara mata wuta, to ƙarin wutar nan shi ne kuskuren, tayoyi huɗu suka riƙa juyawa a wuri ɗaya suna haƙa rami har cikin motar ya zauna a ƙasa. Wurin kuma matsattse ne, tudu a dama kamar katanga, kuma ruwa ya riga ya juyo.

Baba bai yi faɗa ba, ko kallon yaron bai yi ba. Ya ajiye tamu motar can gaba a wuri mai tauri, hancinta na kallon hanya, ya bar ta a kunne, ya dawo da ƙafa ya ɗauki wani kara ya soka a iyakar inda ruwa ke kaiwa, ya ce mu sauke kaya. Muka sauke jarkoki duka, biyu na haƙa da shebur sauran da hannu, ba gaban taya kawai ake haƙewa ba, ƙarƙashin motar ne aikin, sai ka ga haske ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, don muddin cikinta na kan yashi tayoyin ba su ɗauke da nauyi, juyawa kawai za su yi. Aka ƙara sace iska har wajen 10, aka cusa tol a gaban tayoyin, Baba ya shiga da kansa ya sa ƙaramar giya ta ogzileri, ya tashi a giya ta biyu a hankali kamar mai tsoron tada barci, mu kuma muna turawa. Ta hau tol ta yi taku kaɗan ta sake zama. Na waiga na ga karan nan da ya soka ruwa ya wuce shi da kusan taku uku. Muka tono tol ɗin daga inda suka nutse, muka sake haƙa, muka sake shimfiɗawa, ƙanena yana ta salati a bayyane, hannuna ya sassale ban ma ji ba sai daga baya. A karo na uku ta fita, Baba bai tsaya ba sai da ya kai ta kan yashi mai tauri, mu muka biyo shi da jarkoki a ka ruwa na dukan ƙwaurinmu. Minti arba'in da wani abu aka yi. Da muka ci gaba, ba mu yi nisa ba ya nuna mana wani abu baƙi a cikin ruwa, saman wata mota ce da ta yi tsatsa, sauran jikinta duk yashi ya haɗiye.

A daren nan a Mamgar na kasa barci, ba don tsoron abin da ya wuce ba, tunanin mutanenmu ne ya dame ni. Mu da mota biyu, da ruwa jarka-jarka, da mutumin da ya san hanya, minti arba'in kawai ya sa cikina ya ɗuri ruwa. A watan Oktoba na 2013 gawa 92 aka tsinta a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, akasari daga yankin Kance a jihar Damagaram, motocinsu biyu ne suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Hausawa ne irinmu, neman abinci ya fitar da su. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro ya ɗora bidiyo yana wasa da mota a kan tudun yashi yana cewa sahara ba komai ba ce, ko in ji ana zuga wani ya hau bayan Hilux daga Agadas da galan ɗaya na ruwa wai kwana uku ne an kai Libiya. Kawuna ya sha faɗa mana cewa wanda mota ta mutu masa a jeji kada ya kuskura ya bar ta ya kama tafiya da rana, mota ana hango ta daga nesa, tana da inuwa, mutum a ƙafa kuwa ɗigo ne.

Daga Mamgar an shiga gandun Bank d'Argin, wanda gwamnati ta keɓe tun 1976, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1989, faɗinsa murabba'in kilomita 12,000, kusan rabi ruwa rabi tudu. Ana biyan kuɗin shiga a rubuta motarka. A nan an bar bakin ruwa an koma ciki, kuma a nan na san wani abin tsoron da ya fi yashi, wato sabka. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai gishiri, samansa ya bushe ya yi ɓawo kamar ƙasar kanwa, ido na gaya maka nan ne wurin gudu, alhali ƙarƙashinsa taɓo ne, in ɓawon ya fashe mota ta tafi har ƙofa kuma tol ba ya ceto. Baba yana zagaye su ko da zagayen zai ƙara mana rabin awa, in dole sai an ratsa to sawun da wasu suka bi ya taurare yake bi ba ya kauce masa ko taku ɗaya.

Mutanen da ke zaune a gandun Imragen ake kiransu, masunta ne tun kaka da kakanni, 'yan ƙauyuka ne a jere a bakin ruwa, mu a Iwik muka kwana biyu. Su kaɗai aka yarda su yi su a ciki, kuma ba da jirgi mai inji ba, sai jiragen katako masu filafilan zane da iska ke turawa. Babu rijiyar ruwan daɗi, ruwan sha a mota ake kawo musu ko a tace na teku, shi ya sa da za mu tafi jarka biyu muka bar wa matar da ta dafa mana abinci kuma na ga ta fi murna da su a kan kuɗin. Mata ne ke shanya kifi da ƙwansa su kuma fitar da mai daga kansa. Wani tsoho ya ba mu labarin yadda a da suke shiga ruwa da ƙafa da taru a kafaɗa, a riƙa dukan ruwa da sanda, sai dabbar ruwan nan dolfin ta zo ta koro musu garken kifi zuwa gaɓa, ya ce yanzu abin ya yi ƙaranci. Mun shiga jirginsu da safe muka nufi wajen tsibirin Tidra, ruwan bai da zurfi, in ya janye sai ka ga fili ya fito baƙi ƙirin da tsuntsaye, sama da miliyan biyu ke zuwa cin sanyi a nan daga arewacin Turai da Saberiya da Girinlan, ga kwasakwasa ga filamingo jajaye-jajaye. Can arewa kuma akwai tsibirin Argin da ya ba wurin suna, inda Turawan Fotugal suka kafa sansani tun ƙarni na 15 suna sayen zinariya da bayi, yana cikin wuraren farko da aka fara ɗibar baƙar fata a jirgi zuwa Turai. Ba mu kai can ba, amma da ƙanena ya fassara min na daɗe ina kallon wajen.

Mun fito kwalta a Shami, sabon gari ne da aka kafa a 2012 masu neman zinariya suka cika shi, ƙura da ƙarar injinan niƙa dutse ko ina. Mai muka sha, aka wanke ƙarƙashin motoci saboda gishiri na cin ƙarfe da wayoyi, muka yi arewa zuwa Bulanuwar muka sake sauka daga kwalta muka fuskanci gabas.

Wannan kashi na biyun sahara ce zalla, wajen kilomita 400 ana bin gefen layin dogo har Shum. Layin shi ne na jirgin tama da ke tasowa daga Zuwerat zuwa tashar ruwa ta Nuwadibu, kilomita 704, yana aiki tun 1963. Doka ɗaya ce Baba ya maimaita mana har sau uku, layin dogo ya zauna a hagunka, kada ka tsallaka arewacinsa ko da kama ruwa za ka yi, saboda iyakar Yammacin Sahara na nan kusa kuma akwai nakiyoyin da aka binne tun yaƙin da aka yi da Polisario, ƙungiyar da ke neman 'yancin yankin, tsakanin 1975 da 1979. Kuma ba a matsawa jikin layin sosai don gutsattsarin ƙarfe sun cika wurin, duk da haka sai da ɗaya ya farke mana taya. Wani wurin tsakuwa ce mota ta yi ta kaɗa haƙora, wani wurin tuddan yashi ne na Azefal da Akshar da suka ratsa hanya, a nan mai yake zuba kamar an huda tanki, na ga allura na sauka kusan ninki biyu na yadda take yi a kwalta. Baba ya fi son a ratsa yashi da sassafe, ya ce sanyin dare da raɓa na ɗaure shi, in rana ta take sai ya saki ya zama gari. In zai hau tudu yakan ɗauko gudu daga ƙasa, dab da ƙoli ya ɗaga ƙafa, don ba ka san abin da ke bayan tudu ba, wani gangare ne a hankali wani kuma yankewa yake kamar bango, sau da yawa ma sauka yake ya taka da ƙafa ya leƙa tukuna.

Da yamma ta biyu muka hango Ben Amira. Tun saura tafiyar awa guda yake tsaye a gabanmu baƙi, dutse ne guda ɗaya curarre mai tsayin mita 633 daga ƙasa, ya tuna min da Dutsen Zuma sai dai shi ba bishiya ba gona ba komai a kewayensa sai 'yar tashar jirgi da 'yan bukkoki. Shi a arewacin layi yake, nan kaɗai Baba ya tsallaka da mu ta mashigar da mutanen wurin ke bi. Akwai wani ƙarami can gefe da suke kira A'isha, wai matarsa ce da suka rabu ta koma nesa, a gindinta masu sassaƙa daga ƙasashe daban-daban sun yi zane-zane a jikin duwatsu wajen shekarar 2000.

A nan muka kwana. Sanyin ya fi na hunturun Kano nesa ba kusa ba, muka yi taimama don ruwan da ya rage na sha ne, Baba ya kwaɓa fulawa ya binne a cikin yashi mai zafi ƙarƙashin garwashi, ya tono gurasa ya kakkaɓe muka ci da miyar busasshen kifin Iwik. Can cikin dare na ji ƙasa na rawa a ƙarƙashin tabarma tun kafin in ji ƙara, na tashi zaune, sai ga fitila ɗaya tilo daga gabas, jirgin tama ne, tarago wajen 200 tsawonsa ya haura kilomita biyu, na yi ta ƙirga har na ɓata lissafi. A hasken wata ina hango mutane a zaune a kan tamar sun naɗe fuska da rawani, wasu da awakinsu, haka suke tafiya kyauta har bakin teku cikin wannan sanyi. Wani ya haska mana tocila, ƙanena ya haska masa tamu.

Da gari ya waye muka ƙarasa Shum, inda kwaltar Atar ta fara. Famfon lantarkin ya ƙone tun a Azefal, don haka da na hannu muka mayar wa taya takwas iska, muna karɓa-karɓa, saurayin nan da ya kafe a bakin teku shi ya yi rabin aikin shi kaɗai bai yarda an karɓe shi ba, Baba na zaune a inuwar mota yana duba kowace taya da geji. Muna cikin haka sabis ya dawo wayata ta fara ƙara, Hajiya ce, kwana biyar ba ta ji mu ba, na miƙa wa ƙanena don na san muryarsa take son fara ji.